Siffar dabba da ganye, ƙasa da ɓawon itace: yaya ake sa ta daɗe?

MaiTsintarGanye
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka. Na daɗe ina zanen dabbobi da fensir da fenti, amma kwanan nan na koma gwada abin da nake tsinta a gindin itatuwa: ganye, ɓawo, ƙirare, 'ya'yan itace, gashin tsuntsu da ya faɗi, har da ƙasa mai launi. Na yi mujiya a kan kwali mai kauri. A ƙirjinta na jera ƙananan ganye masu ruwan ɗorawa, fukafukan kore mai duhu da ja-ja, reshen da take tsaye a kai kuma ɓawon itace ne. Ranar da na gama ta yi kyau ƙwarai. Ba a jima ba ganyen ya nannaɗe, koren ya tafi, jan ya yi baƙi, komai ya koma launi ɗaya, kuma wani gari-gari yana zubowa daga ɓawon.

Tambayata biyu ce. Akwai hanyar tsayar da launin? Ta biyun ita ta fi damuna: wanda ya zaɓi aiki da irin waɗannan kaya, daɗewar aikin ya kamata ya nema, ko lalacewar ma tana cikin abin da ya zaɓa?

Gawayi77
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ɗanye kika manna ganyen ko busasshe?

MaiTsintarGanye
Ɗanye, don a lokacin ne launin ya fi fita.

Gawayi77
To daga nan nannaɗewar ta zo. Ganye yana raguwa yayin da ruwan jikinsa ke fita, gam kuma ya riƙe shi ta gefe ɗaya, dole ya lanƙwashe. Ki riƙa shimfiɗa shi tsakanin takardun da ke shan ruwa, ki ɗora nauyi, ki canza takardun a kwanakin farko don kada ya yi fumfuna. Sai ya bushe ƙayau sannan ki taɓa gam. Kuma ki sa gam ɗin kaɗan da burushi, kada ki malala.

MaiAdanaKaya
Aikina kula da tsofaffin kayan tarihi ne, don haka bari in fara da garin da kika ce yana zubowa, shi ya fi gaggawa. Malama, wannan alamar ƙwaro ce a cikin ɓawon. Da ƙwansa kika ɗauko shi, ya ƙyanƙyashe yana ci daga ciki. Ki raba aikin da sauran takardunki da littattafai yau ɗin nan.

Nan gaba duk ɓawo, iri, gashi ko itacen da kika tsinto, bayan ya bushe ki sa shi a leda, ki matse iskar, ki ɗaure da kyau, ki saka a firiza. A gidajen tarihi ana ajiye kaya a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili har mako guda. Firizar gida yawanci a 18 ƙasa da sifili take tsayawa, saboda haka ki ba shi mako biyu. Idan kin fito da shi kada ki buɗe ledar sai ya huce, aƙalla kwana ɗaya, domin raɓar da za ta taru ta tsaya a bayan leda, ba a jikin kayan ba.

Maganar launi kuwa gaskiya zan faɗa miki: koren ganye ba ya tsayawa. Sinadarin da ke ba shi koren, haske ne ke rusa shi, ko a jikin bishiya ma kullum sabunta shi ake yi. Da an tsinke, sabuntawa ta ƙare. Ja da shunayya na fure da ganye su ma suna dushewa, kuma suna sauya launi idan suka haɗu da abu mai tsami ko mai kanwa-kanwa, har gam ɗin da kika shafa zai iya juya su. Jinkirtawa kawai ake iya yi. Shi ya sa kayan da haske ke cutarwa ake nuna su a ɗaki mai duhu-duhu, a ma'aunin haske 50 lux. Danshin iska kuma idan ya haura kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, fumfuna na tafe.

UmmanYara
Ni da yara nake wannan aikin kuma gilisarin ya taimake mu. Kashi ɗaya na gilisarin, kashi biyu na ruwan ɗumi, a jiƙa ganyen kwanaki kaɗan. Yana fitowa da laushi, ba ya karyewa a hannun yaro. Mun yi kunkuru da kifi da shi.

Gawayi77
@UmmanYara laushin gaskiya ne, amma launin fa yana ƙara duhu, kuma gam ba ya kama ganyen da ya sha gilisarin sosai. Lokacin danshi ma yakan yi gumi ya ɓata takarda.

UmmanYara
Haka ne ɗan uwa. Mu ɗinke shi muke yi da zare a jikin ƙyalle, shi ya sa ban gamu da matsalar gam ba.

Baba_MaiYumɓu
'Yata, tambayarki ta biyu zan taɓa, ta farkon masana sun amsa.

Abin da na lura da shi a wurin masu fara wannan aiki shi ne suna ɗaukar ganye a matsayin fenti. Suna neman kore su ɗauko koren ganye, suna neman ja su ɗauko jan fure. Alhali launi shi ne abin da ganye ya fi saurin rabuwa da shi. Abin da ba ya rabuwa da shi shi ne siffarsa, jijiyoyinsa, kaushinsa, da yadda gefensa yake. Idan kika zaɓi kaya saboda waɗannan, shekaru ba za su ƙwace miki komai ba.

Ki koma ki kalli mujiya da kyau. Akwai kore a jikinta? Launinta na busasshen ganye ne da ɓawon itace, da shi take ɓuya da rana a jikin kututture. Ke nan ganyen da ya gama bushewa, ya gama sauya duk abin da zai sauya, shi ya fi kusa da ita. Ki tara busassun ganye daga itatuwa daban-daban ki jera su a farar takarda, za ki ga ba launi ɗaya ba ne. Akwai mai hasken toka, akwai ja-ja, akwai wanda ya kusa baƙi. Da waɗannan za ki fitar da haske da inuwa. Ni a wurina ka'ida ɗaya ce: a zaɓi abu yadda zai ƙare, ba yadda yake ranar da aka tsince shi ba.

Sannan jerin. Gashin tsuntsu da saɓar kifi kowanne yana hawa kan na bayansa. Daga wutsiya ake farawa a taho kai, kamar yadda ake jera kwanon rufi daga ƙasa a hau sama. Wanda ya fara daga kai, tsuntsunsa zai fito kamar an shafa gashinsa a baibai.

MaiTsintarGanye
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar jerin nan ta buɗe min ido. Amma idan dabbar mai launi ce fa, kamar hawainiya ko aku?

Ɗan_Kogo
A nan ƙasa take shigowa. Launin da ya fito daga tsiro yana tafiya, wanda ya fito daga ƙasa da dutse yana zama. Shaidar tana bangon koguna. A tsibirin Sulawesi na Indonesiya akwai zanen aladen daji da jar ƙasa, wanda masu bincike suka bayyana a 2021 cewa ya kai aƙalla shekara 45,500. A Faransa akwai kogon Lascaux, wanda wasu samari huɗu suka gano a 1940, cike da dawakai da bijimai da barewa masu kimanin shekara 17,000, ɗaya daga bijiman tsawonsa ya haura mita 5. Da jar ƙasa da rawayar ƙasa da gawayi aka yi su duka.

Malam_Alli
@Ɗan_Kogo ƙaramin gyara. Baƙin da ke Lascaux yawancinsa ba gawayi ba ne, ma'adinin manganis ne. Inda gawayi ya yi fice shi ne kogon Chauvet, wanda aka gano a 1994, mai zakoki da karkanda. Kasancewar gawayi ne ma ya sa aka iya auna shekarun zanen kai tsaye, aka samu kimanin 36,000.

Kuma kada mu ba ƙasa yabon duka. Duhu da rufaffen kogo sun yi rabin aikin. An buɗe Lascaux ga masu ziyara a 1948, numfashin jama'a da ɗumi da fitilu suka sa gansakuka ta fara hawa bango, dole aka rufe shi a 1963. Shekara 15 na masu ziyara sun yi ɓarnar da dubban shekaru ba su yi ba.

Ɗan_Kogo
Na karɓi gyaran Malam. Abin da ya fi burge ni ma shi ne na Altamira a Sifaniya. Mai zanen ya ga tudun dutse a rufin kogon sai ya ɗora jikin ɓauna a kai, tudun ya zama kafaɗa da ciki. Wato ya bar dutsen ya nuna masa inda dabbar take. Maganar Baba ke nan tun wancan zamanin.

Hawainiya_22
Don Allah a yi mana bayanin yadda ake mayar da ƙasa fenti. Na gwada na kwaɓa da ruwa, da ta bushe sai ta kakkaɓe.

Gawayi77
Abu biyu suka rage miki: tacewa da abin ɗauri.

Tacewa: ki daka ƙasar, ki zuba a kwalba da ruwa mai yawa, ki girgiza. Ki ɗan dakata yashi da tsakuwa su kwanta, sai ki tsiyaye ruwan mai launi a wata kwalbar. Ki bar shi ya kwana, laushin zai zauna a ƙasa. Ki zubar da ruwan sama, ki shanya abin da ya rage, ki niƙa. Wannan garin shi ne launinki.

Abin ɗauri: ƙaro ne mafi sauƙi, shi ake sawa a fentin ruwa na kanti ma. Ki jiƙa shi ya narke, ki tace, ki ɗiga zuma kaɗan don kada ya tsattsage idan ya bushe. Sai dai ruwa na sake narkar da shi. Idan kina son mai ƙarfi, gwaiduwar ƙwai: ki raba ta da farin, ki huda fatar ki tsiyaye, ki haɗa da ruwa kaɗan da garin launin. Da ita masu zanen Italiya suka yi aiki a kan katako kafin fentin mai ya yaɗu a ƙarni na 15 zuwa 16. Tana bushewa da sauri, saboda haka ana shafa ta siriri-siriri, a kan abu mai tauri, don a takarda mai lanƙwasa tana iya tsagewa.

Ƙari ɗaya: idan kina da rawayar ƙasa kawai, ki gasa ta. Wajen digiri 250 zuwa 300 ruwan da ke cikin ma'adinin yana fita ta koma ja. Daga ƙasa ɗaya kin samu launi biyu, da duk abin da ke tsakaninsu. Ki rufe hanci lokacin niƙa.

Hawainiya_22
Allah ya saka da alheri. Kurkum fa? Rawayarsa ta fi ta ƙasa haske.

MaiAdanaKaya
Kurkum na cikin waɗanda suka fi saurin dushewa a rana. Ki gwada da kanki: ki shafa kowane launi a takarda, ki rufe rabi da kwali, ki ajiye a taga wata guda, sannan ki buɗe ki kwatanta. Duk wanda ke aiki da kayan tsiro ya kamata ya riƙa yin wannan gwajin kafin ya ɓata makonni a kan babban aiki.

Tsuntsun_Dare
Ni ban yarda da inda muhawarar ta karkata ba. Kowa na ba da dabarar adanawa, kamar an riga an yanke cewa aikin da bai daɗe ba ya faɗi. Andy Goldsworthy na Birtaniya ya shafe shekaru yana haɗa ganye da ƙaya, yana jera ƙanƙara da duwatsu a daji, ya ɗauki hoto ya tafi, iska da ruwa su kwashe. Ba wanda ya ce aikinsa bai cika ba. Dabba ma tana tsufa, gashinta na zuba. Mujiyar da ta fara da kore ta ƙare da ruwan ƙasa ta faɗi wani abu game da rai wanda fenti ba zai iya faɗa ba. Malama, da ni ce ke, hoto zan riƙa ɗaukarta duk mako in bar ta ta yi tafiyarta.

Baba_MaiYumɓu
Maganarki tana da ƙarfi 'yata, amma akwai bambanci. Shi mutumin da kika ambata da niyya yake yi, ya san abin da zai faru da ganyen kuma a kan haka ya gina aikin. Ita kuwa mai tambaya ba ta nufi mujiyarta ta nannaɗe ba. Sai ka san halin kayanka sannan za ka iya cewa ka zaɓi ka bar su su lalace.

Tsuntsun_Dare
Na ji Baba. Amma niyya ma tana iya zuwa daga baya, idan mutum ya ga abin da kayan suka yi ya ce na amince.

Sassaƙa
Akwai hanya ta uku. Deborah Butterfield ta Amurka ta fara yin dawakai da laka da sanduna a shekarun 1970. Daga baya sai ta koma haɗa dokin da itace, a ɗauki siffar kowane reshe a zuba tagulla, a haɗa, a yi masa launi har sai ka rantse itace ne. Siffar reshe ta zauna, ruɓewa ta tafi.

Ta huɗu kuma ita ce kulawa. Farin dokin Uffington a Ingila, tsawonsa kimanin mita 110 a jikin tudu, ramuka ne aka haƙa aka cika da dakakken alli. Ya kai kimanin shekara 3,000. Da an bar shi ciyawa ta cinye shi tuntuni. Mutane ne suke ta zuwa suna cire ciyawa suna daka sabon alli, har yau. Saboda haka @MaiTsintarGanye kina iya ajiye ragowar ganye, duk wanda ya karye ki musanya shi.

Tsuntsun_Dare
Dokin tagulla ai ya daina zama aikin itace. Ni na Uffington ya fi kwanta min.

UmmanYara
Ku yi haƙuri in kauce kaɗan, don abin ya shafi lafiya. Masu neman abin yin idon dabba sukan ɗauki idon zakara, jan irin nan mai baƙin ɗigo, saboda yana ƙyalli kuma launinsa ba ya tafiya. Guba ce mai kisa. Ƙwaya ɗaya idan aka tauna ta sosai tana iya halaka mutum, huda ta da allura ma haɗari ne. Haka 'ya'yan zurma. Inda yara suke kada a shigo da su sam. Ƙaramar tsakuwa mai santsi ko ƙwallon gawayi da aka shafa wa ƙaro suna yin ido mai kyau.

Malam_Alli
Madalla da wannan tunatarwa Hajiya. Ni ma zan ƙara ɗaya a kan gashin tsuntsu, tunda mai tambaya ta ambace shi kuma ta tambayi dabbobi masu launi.

Shuɗin gashin tsuntsu ba rini ba ne. Ƙirar gashin ce a ciki take mayar da shuɗin haske zuwa ido. Idan ka daka shi shuɗin zai ɓace, amma idan ka bar shi yadda yake yakan jure fiye da ja da ruwan hoda da tsuntsu ke samu daga abincinsa. A wani gidan tarihi a Vienna akwai garkuwar mutanen Aztek daga Meziko, ta farkon ƙarni na 16, wadda aka jera gashin tsuntsaye aka fitar da wata dabba mai kama da dila, shuɗiya, an zagaye ta da zinariya. Shekara 500 ke nan ana ganinta.

Sai dai akwai doka. A Amurka dokar 1918 ta hana mallakar gashin yawancin tsuntsayen daji na ƙasar, ko da a ƙasa ka tsinta. Mai zanen Amurka Robert Rauschenberg ya yi wani aiki mai suna Canyon a 1959 da busasshiyar gaggafa a jiki, doka ta hana a sayar da shi, daga ƙarshe a 2012 magadan matar da ta mallaki aikin suka ba gidan zane na MoMA a New York kyauta. A matakin duniya kuma akwai yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin dabbobi da tsirran daji, wadda a taronta na 2016 aka haramta cinikin ƙasa da ƙasa na dukkan nau'o'i takwas na dankunya, dabbar nan mai saɓa a jiki, da kuma aku mai ruwan toka da aka kamo daga daji. Kowa ya binciki dokar inda yake. A ganina ma, wanda ke yin siffar dabba don yana ƙaunarta bai kamata ya sa a kashe wata saboda aikinsa ba. Gashin kaji, zabi, agwagwa da tantabaru ya isa. 'Ya'yan kabewa da aka jera suna fitar da saɓar dankunya tsaf.

Hawainiya_22
Fukafukan mazari ko malam-buɗe-littafi fa, da me ake yi?

Gawayi77
Da ƙashin ganye. A dafa ganye mai tauri a ruwan sodar wanki, a goge naman a hankali da tsohon burushin haƙori, jijiyoyin su rage kamar raga. A sa safar hannu, sodar na cin fata. Wannan ba shi da launin da zai rasa, sai dai yana da saurin yagewa, a bayan gilashi yake so.

MaiTsintarGanye
Na karanta duka, kuma na gode. Na riga na ware mujiyar, ɓawon zan cire shi in sa a firiza kamar yadda MaiAdanaKaya ta ce. Amma ba zan taɓa ganyen ba, ina so in ga inda zai tsaya, a nan na bi Tsuntsun_Dare. Ta biyu kuma zan yi ta yadda Baba ya ce, da ganyen da ya gama bushewa, da jar ƙasa da gawayi a fuska. Har yanzu ban yanke wacce ce hanyata ba. Abin da nake tunani shi ne ko in shafa musu man ƙyallin da ake shafa wa katako.

MaiAdanaKaya
Ban ba ki shawara ba. Yana sa ganye ya yi duhu da sheƙi, da yawansu suna yin rawaya da shekaru, kuma idan ya shiga ba ya fita. Firem mai zurfi ya fi, wanda gilashin ba ya taɓa aikin, a rataye nesa da taga da bangon da ke jiƙa. Ki nemi kwalin da ba shi da asid, na kwalin kaya yana ƙona abin da aka manna masa a hankali.

Tsuntsun_Dare
Ta farkon dai kada a sa ta a gilashi, a bar ta ta sha iska.

Sassaƙa
Baba, tunda kana nan, ni ma ina da tawa. Na yi giwa da yumɓu a kan ƙirare, ƙafafu da hanci duk sun tsage da ta bushe.

Baba_MaiYumɓu
Yumɓu yana raguwa idan ya bushe, ƙirare ba sa raguwa, sai ya tsage a kansu. Ka naɗe ƙiraren da takarda ko busasshiyar ciyawa mai laushi tukuna, don yumɓun ya samu inda zai matsa. Ka kwaɓa shi da ƙaiƙayi ko jiƙaƙƙiyar takarda da aka dama, zaren da ke ciki yana riƙe shi. Kuma hanci da kunne sun fi jiki sirantaka, su suke riga bushewa su ja. Ka lulluɓe su da leda ka bar jikin a buɗe, a inuwa, har su tafi tare. Wane irin yumɓu ne, mai yashi ko mai santsi?

Sassaƙa
Mai santsi ne sosai Baba, har yana manne wa hannu.

Baba_MaiYumɓu
To shi ya fi kowanne raguwa. Ka ƙara masa yashi mai laushi ko dakakken kasko, ka yi ƙananan gwaji uku da yawan yashi daban-daban, ka ja layi mai tsawo ɗaya a kan kowanne, ka sake aunawa bayan sun bushe. Ka kawo mana abin da ka samu kafin ka sake ɗora giwar.